Muryar Shaho

Ruwan sama ya tare titin Andheri tun la'asar, tasi ta tsaya cik, gilasai a rufe. Sulekha na matse a kujerar baya tsakanin ƙatti biyu da ba ta sani ba, kowanne da hoton Shaho a gaban rigarsa. Ta jefa guntun citta a baki. Maƙogwaronta ya daɗe da gajiya.

Shaho dai jarumi ne na fim ɗin zane, matashi mai fukafukai, wanda rabin garin suka tashi da kallonsa. Bana kamfani ya ce zai miƙa fukafukan ga wata 'yar masunta. Sulekha aka ɗauka ta yi muryar yarinyar, kuma a karon farko za a rubuta sunanta a jikin fim. Duk duniya ba abin da take so kamar wannan.

"Mace fa!" in ji mai gemu a cikinsu, Parth. "Macen ma mai ƙarnin kifi!"

"Kai dai bari," in ji abokinsa Jignesh. "Ai Shaho muryar Nishant Dalvi ce, shi ke nan. Ranar da babana ya rasu, sai da na kunna muryar mutumin nan na iya runtsawa."

"Ko hoto ba ya yarda a ɗauke shi. Namijin duniya!"

Gardawa da su, suna neman yin kuka a kan tsuntsun zane. Ta so ta ji haushinsu, amma zancen uban nan ya sanyaya mata jiki. Ta taɓa marfin ƙofa, ta ga ruwa ya kai gwiwa a waje. Ba wurin zuwa.

"Anti, ke fa me kika gani?" Parth ya tambaye ta. "Mace za ta iya?"

"Ku bari ku ji ta tukuna."

Suka kwashe da dariya, har da direba.

Can wayoyinsu suka yi ƙara kusan tare. Jignesh ya karanta da ƙarfi: saboda koken masoya, kamfani ya jingine 'yar masunta, Shaho zai dawo, da Nishant Dalvi. Suka rungume juna ta kanta, har numfashinta ya kusa ɗaukewa.

Sai tata wayar ta yi ƙara, shugaban ɗakin ɗaukar murya ne. "Sulekha, kin gani ko? Sai haƙuri. Gobe da safe, wurin da kika saba. Sharaɗinmu yana nan, kada wanda ya ji."

Ta kashe wayar, hawaye na zuba, mutanen suka ɗauka zafi ne ya dame ta. Gobe za ta koma ɗakin nan marar taga, ta matse maƙogwaro ta zama Nishant Dalvi, kamar yadda take yi tun gardawan nan suna 'yan firamare.