Babi Na Tara

Tela ya tsinci littafin ne a tulin gwanjo a bakin tasha, bangonsa duk ya sha ruwa. Labarin wata shari'ar kisa ne. Mutumin da rabonsa da karatu tun firamare, sai ga shi ya jingine ɗinkin mutane, ya baje littafi a kan keken ɗinki yana bi da yatsa.

Umma kuwa daɗi kamar ya kashe ta. Ta bi maƙwabta tana shelar babban ɗanta ya zama lauya da rana tsaka, shi zai fito mata da Auta. Wata bakwai ke nan Auta yana tsare, ana zarginsa da kashe mai garejin da ke kallon shagon Tela, a kan faɗan da bai taka kara ya karya ba. In aka tabbatar, rataya ce.

Tela dai ya ci gaba da karatunsa. Babi na tara yake ta nanatawa, inda lauyoyi ke tasa shaidu a gaba. Akwai wadda ta ce ta manta. Tambaya uku aka yi mata ta fashe da kuka. Akwai wanda ya ce akwai duhu, aka ɗauko bayanin da ya sa wa hannu a wurin 'yan sanda aka karanta masa. Marubucin nan ba shi da imani, ko mutum ɗaya bai bari ya sulale ba. Tela ya kai ƙarshe ya dawo farko, ko Allah ya sa ya tsallake wani shafi. Ina! Tsoro ya hana shi cin abinci, har wando ya fara zame masa.

Ranar zaman kotu, lauyan Auta ya gaida Umma har ƙasa, ya wuce Tela kamar bai gan shi ba. Ta ce girman kan 'yan boko ne, kada ya sa a ransa.

"Kai dai ka faɗa musu halin ƙaninka," in ji ta, ta kama hannunsa. "Gaskiya ba ta kashe mutum."

"To, Umma."

Aka shigo da Auta da ankwa. Ya yi wa uwarsa murmushi, ya sunkuyar da kai.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe, ya ce shaidarsu ɗaya ne tak, amma a kan idonsa aka yi komai. Magatakarda ya ɗaga murya ya kira suna. Tela ya zare hannunsa daga na Umma, ya tashi.