Inabin da Kakana Ya Dasa

A lambunmu na fadama a Dauran akwai itacen inabi guda, wanda kakana ya taho da reshensa daga Makka, naɗe cikin jiƙaƙƙen rawani. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ni ce na yi wa ƙawayena alfahari a bakin rijiya cewa muna matse 'ya'yansa mu sha. Kafin Juma'a magana ta zaga gari, ta koma wai giya ake yi a gidanmu.

Bayan la'asar Baba ya ɗauki gatari, na bi shi. Sara uku ya yi, itacen ya kwanta. Sai kututturen ya fara zubar da ruwa garau, ɗis-ɗis, ba tsayawa. Baba ya tsuguna ya tara tafinsa.

Na ce, "Baba, kuka yake yi?"

"A'a, ɗiyata. Saiwar ce ba ta san an sare shi ba, tana ta aiko mishi da ruwa."

Bai taɓa tambayar wanda ya fitar da maganar ba, ni ma ban faɗa ba har ya rasu. Yau ko a tiren mai talla na ga inabi, ɗigon nan nake ji.