Tudun da Ya Zama Kwari

An rushe gidan wani tela ranar Talata, tare da sauran gidajen da ke kan tudun bayan Rafin Guza. Hukuma ta ce wurin kwari ne, ambaliya za ta cinye shi.

A 1976 masu safiyo, wato awon ƙasa, suka shafa wa wani dutse farin fenti a cikin kwazazzabo, suka auna tsayin wurin. A bana jirgin sama ya ɗauki hoto, kwamfuta ta lissafa tsayin ko'ina daga inda ta ga dutsen a hoton.

Kafin a rushe gidan, telan ya je ofishin hukumar. "Ranka ya daɗe, daga shagona nake hango rufin masallaci. Yaushe ruwa ya fara hawa tudu?"

Jami'in ya tura masa hoton. "To me dutsenmu yake yi a ƙofar gidanka, Malam?"

"Wayar gari na yi na gan shi. Na ɗauka asiri aka yi mini, na hana kowa taɓawa."

Ƙarti huɗu ba sa iya ɗaga dutsen. Jiya aka fara haƙa harsashin bene a kan tudun. Leburorin sun ce ba su san mai ginin ba.