Ranar da Ta Wuce Babanta

A kwanar ƙarshe ya ji kukan wani inji dab da kunnensa. Shekara da shekaru yana lashe tseren ƙananan motoci a filin nan na bayan garin Susa, bai taɓa waiwaye ba. Yau ya waiwaya, sai ga 'yarsa. Ya take totur iya ƙarfinsa, ya tare mata ciki. Ta zagaya ta waje, ta wuce shi kamar yana tsaye.

Yana cire hular kwano abokansa suka yi masa caa a rumfar mai shayi.

"Alhaji, faɗi gaskiya, ɗaga mata ƙafa ka yi."

"Ai uba sai da tausayi," in ji wani.

Ya hango ta can tana share zufa da bayan hannu.

"Tausayi? Sai da na karaɗe shaguna har garin Safakis kafin na samo tayoyin ƙwarai, na mota ɗaya tak. Ku je ku duba motar wa aka ɗaura wa."

Suka duba. Suna jikin tasa, sababbi fil. Nata na bara ne, duk sun suɗe.

Ya daki ƙirji, idonsa ya ciko.

"To, 'yar wa ce?"