Wa Zai Fara Matsawa?

Birki ya yi ƙara, keke ya kife a gaban wata mota a mahaɗar titi, tayarsa tana juyawa a sama. Mai keken ya miƙe da ƙujewa a gwiwa, ya daki gaban motar da tafin hannu.

"Kai makaho ne? Ba ka ga jar wuta ba?"

Mai motar ya fito yana huci. "Kai da ka biyo hannun da ba naka ba? Titin na ubanka ne?"

"Ubana ka zaga? Wallahi keken nan ba zai tashi daga nan ba!"

"Ni ma ko taku ɗaya ba zan matsa ba!"

Kafin ka ce kwabo, mahaɗar ta cushe. Masu keke suka tsaya wa nasu, direbobi suka tsaya wa nasu, zagi ya koma cin kwala. Can baya motar asibiti ta maƙale tana ta jiniya. Wani dattijo ya ce, "Ku dubi Allah, ku ba su hanya." Mai motar ya ce sai mai keke ya fara janyewa. Mai keken ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu.

Ana cikin haka jiniyar ta yi shiru.

Ƙofar bayan motar asibitin ta buɗe. Wata mata ta sauko ba ko takalmi, ta ratso jama'a har gaban mai motar da mai keken. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ku ƙarasa rigimarku a tsanake," in ji ta. "Mijina ya daina sauri."