Maƙeri da Ƙarfen Cikin Jini

Zauna ka ji labarin wani maƙeri, ƙato ne, hannunsa kamar taɓarya. Matarsa ta haihu, jini ya zuba da yawa, ta yi fari fat, ko ɗaga jaririn ta yi sai haki. Hankalinsa ya tashi ya kai ta asibiti. Likita ta duba ta ce ƙarfe ne ya yi ƙaranci a jininta, ta ba su 'yan ƙwayoyi. Gogan naka ya kalle su a tafin hannu ya taɓe baki. Shi da ke sauke ƙarfe da amalanke za a ba wannan? Ya cusa su a aljihu, ya koma gida yana ɗura mata ruwan da yake tsoma garma mai zafi, kwano bayan kwano. Baiwar Allah tana sha, jiki na ƙara lalacewa.

Da suka koma, likita ba ta yi faɗa ba, dariya ma ta yi, ta zaunar da shi suka yi lissafi. Ta ce a jini akwai wani ɗan zobe da ake kira hem, ƙwayar ƙarfe ɗaya tal ke zaune a tsakiyarsa, ita ke kama iskar numfashi. In zoben ya auna ɗari shida da sha shida, ƙarfen hamsin da shida ne kawai. Zobba huɗu ke cikin kowane hemogulobin, abin da ke sa jini ja, shi kuwa nauyinsa ya haura dubu sittin da huɗu. Ta ce, "Malam, ka tattara na jikinta kaf, ƙusa ɗaya za ka ƙera, amma da ƙusar nan take numfashi." Ai maƙeri ya san yadda ƙarfe ke shan iska ya yi tsatsa ya yi ja, bai taɓa zaton haka ake a cikin mutum ba. Ya lalubo ƙwayoyin, ya haɗa mata da hanta da zogale. Kafin yaro ya fara zama, ga ta da goyo tana daka tana waƙa, tana tsokanarsa wai saura kaɗan ya mai da ita fartanya. Daɗi ya kashe shi, ya yi ta dariya har da ƙwalla.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.