Hannun Kaka a Cikin Kwantena

Kausar ta sabunta kwantenar, wato rumbun cikin kwamfuta da manhajar laburarenta ke ciki, sai shafin ya buɗe fayau. Ashe ba ta ware wa littattafan ma'ajiya a wajen kwantenar ba, ga shi sabuntawa na goge duk abin da ke cikinta. Hotunan rubutun ajamin marigayi kakanta, da ta ɗauka kafin gara ta cinye takardun, duk sun tafi.

Ta kashe kwamfutar, ta kunna, ta sake kashewa.

Mahaifinta ya shigo daga kasuwar kara. "Mi ya faru, ɗiyata?"

Ta faɗa masa, kanta a ƙasa. Jiya ma ta toshe shi daga manhajar, don kullum yana maƙale a ciki ta wayarsa, yana sa ta nauyi.

Ya miƙa mata wayarsa. "Duk na sauke su nan. Idona ya daina karatu, amma yana gane hannun babana."